Yadda ake tattara maganar hannu a wurin kuramen Yamai domin bincike

Kafin ka sayi kyamara, ka tsai da wace magana kake nema, don kuramen Yamai ba iri ɗaya suke yi ba. Akwai ta lakwal, irin wadda ake koyarwa a makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ. Asalinta maganar hannun Amurka ce, wadda Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya yaɗa a Afirka tun daga makarantarsa ta farko a Gana a 1957, daga baya aka daidaita ta da Faransanci. Akwai kuma ta gida da kasuwa, wadda kurman da bai taɓa shiga aji ba yake ciniki da ita a kasuwar Katako. Irinta ce Constanze Schmaling, mai binciken harshe, ta yi nazari a kai a Kano, aikin ya fito a 2000. Wannan ta biyun ita aka fi rainawa, kuma a ganina ita ta fi buƙatar a adana ta.

Da ka tsai da wannan, sai ka shiga ta ƙofa. Je wurin ƙungiyar kurame ta ƙasa, ASN, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi kurma ɗaya ko biyu da za ku yi aikin tare daga farko har ƙarshe, da ladan aikinsu. Tafinta mai ji yana da amfani, amma ba ya maye gurbinsu. Idan kurma ya ga mai ji a gabansa, sai ya rage sauri, ya riƙa jera alamu bisa tsarin Faransanci don ya taimake shi, kai kuwa ka koma gida da abin da ba haka ake yin sa a fada, wurin zaman hirarsu, ba. Saboda haka kurma ne zai zauna gaban kurma ya yi tambayoyin. Kai ka kunna na'ura ka ja gefe. Wajen mata, mace kurma ce za ta fi samun sakin jiki, kuma kada a manta da neman izinin maigida ko iyaye.

Sai neman yarda, wanda nan ne aka fi yin ha'inci ba da niyya ba. Takardar Faransanci da aka dangwala wa yatsa ba yarda ba ce. A bayyana komai da hannu: wa zai kalli bidiyon, za a sa shi a intanet ko a'a, za a nuna shi a taro, za a horar da kwamfuta da shi? Kowace tambaya da amsarta daban, a ɗauki amsar a bidiyo. A gaya wa mutum gaskiya cewa ba za a iya rufe masa fuska ba, domin ɗaga gira, kumbura kumatu da girgiza kai suna cikin nahawun harshen. Da su ake gane tambaya da musu. Ke nan duk wanda ya kalla zai gane shi. A ba shi damar janyewa ko bayan an gama. Yaro kuma sai da yardar iyayensa da tasa.

Wurin ɗauka ba ya son tsada. Bango mai launi ɗaya, inuwa mai haske, hasken ya bugi fuskar mai magana, kada ya fito ta bayansa. Riga marar zane, don atamfa tana haɗiye yatsu. Mai dogon hijabi ta fito da hannuwanta sarai. Hoton ya kama daga saman kai zuwa ƙugu, da sarari hagu da dama. Waya mai kyau ta isa, in dai an kafa ta a kwance yadda ba za ta motsa ba, an kuma saita ta a hoto 50 ko 60 a daƙiƙa, in ba haka ba hannu mai sauri zai fito dishi-dishi. A zafin Afrilu da Mayu waya kan mutu da kanta, to a yi da safe. Shayi kuma ya jira hutu, hannu biyu ake so a sake.

Kada ka rubuta kalma a takarda ka ce a nuna maka alamarta. Kawo hotuna ko kayan kansu: tulu, goro, carbi, galma. Bayan nan a bar mutum biyu su yi hira, kan biki, kan tsadar gero, kan yadda aka yi da su a asibiti. Jimloli na gaske a hira suke fitowa. Ga kowane mutum a rubuta shekarunsa, garin da ya tashi, ko ya yi lakwal, yaushe ya kurumce, ko akwai wasu kurame a gidansu. In ɗan Tawa da ɗan Yamai sun saɓa a alama ɗaya, a ajiye duka biyun, kada a zaɓi “daidai”.

Fassara ita ce mai cin lokaci. Minti ɗaya na bidiyo yana iya cinye sa'o'i. Manhajar ELAN, ta cibiyar Max Planck da ke Holan, kyauta ce, tana ba ka layi-layi na rubuta bayani kan bidiyon: hannun dama, hannun hagu, fuska, ma'ana. Ku zauna da abokin aikinka kurma ku yi tare, wani kurman kuma ya duba.

A ajiye bidiyon wuri biyu, da lamba a madadin suna, takardar sunayen kuma a kulle ta daban. Kowa a tura masa nasa kwafin, ƙungiya ma ta samu nata bisa abin da masu maganar suka amince, sannan a kira taro a nuna sakamakon da maganar hannu kafin a buga shi ko'ina.