Kurakurai wajen neman abin da ke shanye batirin mota

A Damagaram, idan mota ta yi kwana biyu a ajiye ta ƙi tashi, yawanci mai ita kasuwa yake nufa ya sayo sabon batir, bayan mako guda kuma sabon ya bi sahun tsohon. Gaskiya ne zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana rage kwanan batir, amma kafin a ɗora masa laifi ya kamata a auna shi: cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 idan inji yana kashe, sannan 13.8 zuwa 14.4 idan yana aiki. In an samu haka, to akwai abin da ke satar wuta cikin dare.

Kuskuren da ya fi yawa a gareji shi ne gaggawa. Bayan an cire wayar batir mai alamar ragi, an sa mita, wato na'urar auna wutar lantarki, tsakaninta da kan batir, wayar mitar tana raminta na amfiya 10, sai a karanta lamba nan take, alhali kwamfutocin motocin zamani sukan ɗauki minti 20 zuwa 40 kafin su yi barci. Buɗe ƙofa ma yana tashe su, don haka a danne makullin ƙofar tun farko, a zare mabuɗi, a jira. Abin da bai wuce miliamfiya 50 ba, wato amfiya 0.05, daidai ne. Kada kuma a kuskura a tayar da inji mita tana haɗe, domin za ta ƙone.

Mutane suna raina ƙananan abubuwa. Ƙwan fitilar but mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, wato idan ya ƙi mutuwa zai shanye batir mai amfiya-awa 60 cikin kwana shida. Haka rediyo ko na'urar bin sawun mota da aka jona kai tsaye da batir, aikin da wasu masu gyara ke yi don gudun wahala.

Don gano abin da ke satar wutar, fiyus ɗaya bayan ɗaya ake zarewa, ana duba ko lambar mita ta sauka, ana mayar da kowane gurbinsa. Idan an gama da su duka lambar ba ta sauka ba, a cire babbar wayar dinamo mai cajin batir, domin diyod ɗinsa, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, idan ya lalace yakan mayar da wuta baya, kuma galibi ba ta ƙananan fiyus ɗin nan take bi ba.