Yadda za ka tayar da shingen yew a gidanka na Ingila

Duk ɗan uwanmu da ya samu gida mai ɗan fili a Ingila, abin da ke fara damunsa shi ne idon maƙwabta. Iyali na son su sha iska a bayan gida ba tare da ana leƙensu ba. Sai ya je wurin masu sayar da dashe, a nuna masa leylandii, wani itacen shinge mai saurin girma, a ce kafin ya ankara ya rufe ko'ina. Gaskiya ne, yana rufewa. Abin da ba a gaya masa shi ne ba ya tsayawa, kuma ranar da ka datse shi har almakashi ya kai ga tsohon reshe, wurin ya zama tabo ke nan, ba zai sake toho ba. Ni duk wanda ya tambaye ni, yew nake ce masa, itacen da masana ke kira Taxus baccata. Ganyensa kore ne shar har cikin hunturu, yana jure inuwa, aski sau ɗaya a shekara ya ishe shi, kuma ko ka sare shi har kututture zai sake fitowa.

Ana ce masa mai jinkirin girma. Ba haka nake gani ba. In ya kama ƙasa yana ƙara santimita 20 zuwa 30 a shekara, wato dashen da bai kai maka ƙugu ba zai iya kai tsayin mutum cikin shekara biyar zuwa bakwai. Mafi yawan waɗanda suka ce nasu ya ƙi girma, in ka tona za ka tarar saiwar a cikin ruwa take zaune.

Nan ne aikin yake, don haka kada ka sayi ko ɗaya kafin ka gwada ƙasarka. Haƙa rami mai zurfin kamu biyu inda shingen zai bi, ka cika shi da ruwa, ka dawo washegari. In ya tsotse, alhamdu lillahi. In ka tarar da ruwa kwance, ƙasarka yumɓu ce, kamar ta yawancin unguwannin Landan, kuma a irinta ne cutar ruɓewar saiwa da ake kira Phytophthora ke kashe yew. Alamarta, ganye ya koma launin tagulla, sannan ya bushe, itace ɗaya bayan ɗaya. In ka tumɓuke za ka ga saiwar ta yi baƙi, tana saɓulewa a hannu. Babu wani magani da za ka sayo a shago ya dawo da ita. Wasu sukan haƙa dogon rami a cikin yumɓun su cika shi da taki mai laushi, suna ganin gata suka yi wa dashen, alhali kwatami suka gina masa: duk ruwan filin nan zai taru. Abin yi shi ne ka sassauta ƙasa da faɗi, kamar santimita 90, ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, sannan ka ɗaga ta ta yi kunya irin wadda muke yi wa dankali, tsayin kamu guda, ka dasa a kanta. In filin duk damina da rani a jiƙe yake, sai dai a binne bututun janye ruwa, ko ka haƙura da yew.

Lokacin saye daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da ake tono dashe daga gona a sayar, wani da saiwa tsirara, wani da dunƙulen ƙasa a naɗe cikin algarara. Ya fi na tukunya araha nesa ba kusa ba. Ka ɗauki ƙanana, masu santimita 40 zuwa 60, waɗanda suka yi rassa tun daga gindi. Manya suna burgewa ranar dashe, amma sukan daɗe suna jinya, har ƙanana su kamo su. Na fi son dasawa a Nuwamba, ƙasa na da sauran ɗumi. Kada ka dasa ranar da ƙasa ta daskare, kada kuma ka bar saiwa tsirara a iska, ka ajiye su cikin jiƙaƙƙen buhu kana zarowa ɗaya ɗaya.

Ja igiya, ka bar kamar santimita 60 tsakanin kowane biyu. Dubi gindin, za ka ga inda launi ya sauya, iyakar inda ƙasa ta rufe shi a gona. Daidai nan za ka tsaya, kada ka zurfafa. Taka ƙasar da dunduniya a hankali, ka ba shi ruwa, ka shimfiɗa ɓawon itace kewaye ba tare da ya taɓa jikinsa ba. Shekara biyun farko, in zafi ya yi kuma sama ta ɗauke, ka shayar da shi sosai sau ɗaya a mako maimakon yayyafi kullum, ka kuma hana ciyawa matsowa kusa.

Sai batun aski, inda hannu ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Gefe za ka riƙa ragewa kaɗan kaɗan don ya yi kauri, amma kan nan da ke miƙewa sama kada ka taɓa shi sai ya kai tsayin da kake so, ya ɗan wuce. Wanda ya yanke kai da wuri ya jinkirta wa kansa. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba ne lokacin aski, toho ya ƙosa, tsuntsaye sun bar sheƙa. Ka kula da wannan, domin dokar 1981 ta kare namun daji ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita. Ka sa gindi ya fi sama faɗi, ko da kaɗan ne, don rana ta kai ga rassan ƙasa. In ka bar sama ya yi faɗi, ƙasa zai zube, kare da kyanwa su sami hanya. Akwai kuma dokar 2003 da ta ba maƙwabci damar kai ƙara ƙaramar hukuma in shinge irin wannan ya haura mita 2 yana tare masa haske, to gara ka tsaya ƙasa da haka.

Mai sha'awar aske itacen ya fitar da wata siffa ya fara da mai tsini: kafa gora uku kewaye da itacen, ɗaure kawunansu wuri guda, duk abin da ya leƙo waje ka aske, kana ja da baya kana dubawa. In kana son ganin inda abin ke kaiwa, je Levens Hall a Cumbria da ke arewa maso yammacin Ingila, lambun da wani Bafaranshe, Guillaume Beaumont, ya tsara tun shekarun 1690.

In kuwa tsohon shinge ka gada wanda ya buɗe ya cinye fili, sare gefe ɗaya har kusa da kututture a farkon bazara, ka ba shi taki, ka bar ɗaya gefen sai wannan ya farfaɗo, ko da zai ɗauki shekara biyu.

Yew guba ne, ganye da ɓawo da ƙwallo. Jan naman ɗan itacen ne kaɗai ba ya cutarwa, amma ƙwallon da ke ciki yana iya tsayar da zuciya, kuma jan nan na jan hankalin yara. Macen itacen ce ke yin 'ya'ya, aski na kowace shekara yana rage su, duk da haka ka ja wa yaranka kunne. Ganyen da aka aske, ko ya bushe dafinsa na nan, yana kashe doki da saniya. Shimfiɗa tamfol kafin ka fara, sa safar hannu, ka tattara komai cikin kwandon sharar lambu. In bayan gidanka makiyaya ce, kada ka jefa ko reshe ɗaya ta kan shinge.