Lambar Fatent a Jikin Kwali: Kurakuran da Muka Fi Yi Kan Sabbin Magungunan Ƙwayoyin Halitta

Wata Asabar bayan sallar la'asar, maƙwabciyarmu a Aboabo ta yi sallama ta shigo da wani ɗan kwali ƙulle a bakin mayafinta. Jikanta yana da sikila, tun yana goye suke zirga-zirga zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee. Ta ajiye kwalin a kan tabarma ta ce, "Malam, duba mini wannan. Sun ce da ƙwayoyin halitta aka yi shi, har Turawa sun ba shi fatent, ga lambar nan a jiki." Gari ne cikin ƙananan ledoji, wai a riƙa zubawa ƙarƙashin harshe da safe. Kuɗin kwali guda ya kusa cinye ribar kokonta ta mako biyu.

Na ɗauki waya na buga lambar a shafin Google Patents, wanda kowa zai iya buɗewa kyauta. Lambar ta gaskiya ce. Sai dai takardar tana bayani ne kan yadda ake renon ƙwayoyin itacen tuffa domin haɗa man shafawa. Ba maganar jini a ciki, balle ta sikila. Na ce, "Hajiya, kallon kitse aka sa ki yi wa rogo."

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi cin kuɗin talaka: ɗaukar fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira, a matsayin shaidar cewa magani yana warkarwa. Ma'aikacin ofishin da ke ba da takardar abu uku yake dubawa. Shin abin sabo ne? Shin akwai basira a ciki wadda ba duk mai sana'ar ne zai hango ta kai tsaye ba? Shin za a iya sarrafa shi a yi aiki da shi? Ba ya zuwa bakin gadon majinyaci. Takardu da yawa tun ana gwaji a kan ɓeraye ake shigar da su, wasu ma ba a kai ga ɓeran ba. An taɓa gyara bakteriyar Salmonella domin ta riƙa taruwa a cikin ƙarin sankara tana cin sa daga ciki, ta yi abin mamaki a jikin ɓeraye, amma sakamakon gwajin farko a kan mutane, wanda aka fitar a Amurka a 2002, ya nuna ƙarin bai motsa ba. Abin da za ka nema a jikin kwali shi ne lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana, wato FDA, sannan ka bincika da sunan me aka yi rajistar. Abin da aka yi wa rajista a matsayin ƙarin abinci ba shi da hurumin cewa yana maganin wata cuta.

Da mutane sun san yadda maganin ƙwayoyin halitta na ainihi yake, da masu ledoji sun rasa kasuwa. Ɗauki Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, domin masu sikila. Daga jinin majinyacin ake tace ƙwayoyin da ke haifar da jini a cikin ɓargo. A kai su ɗakin gwaje-gwaje, a sa almakashin CRISPR, wato fasahar yanke ƙwayoyin gado, a datse wurin da ke hana jiki ci gaba da yin himoglobin irin na jarirai, wanda ba ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su koma kamar lauje. Daga nan sai a ba majinyacin magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara ta jijiya, ya kwashe makonni a asibiti ana tsaron kada wata cuta ta shige shi. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Haka Kymriah na kamfanin Novartis, da aka amince da shi a 2017 a kan dala 475,000: fararen ƙwayoyin jinin majinyaci masu suna T ake cirowa, a maƙala musu wata ƙugiya da ke gane alamar CD19 a jikin ƙwayoyin sankarar jini, su koma jiki suna farauta. Ƙwayoyi ne masu rai, a daskare cikin tsananin sanyi ake jigilarsu. Ba abin da za a shanya a rana a kasuwar Kejetia ba ne.

Sauran kurakuran na 'yan boko ne, kuma mafi yawansu a cikin gidanmu na gan su.

Ɗan ƙanwata yana digiri na biyu a fannin ƙananan halittu. Wata rana ya zo da murna ya ce, "Kawu, na ware wata bakteriya daga daddawar da na sayo a kasuwar Asawase, tana hana wasu ƙwayoyin cuta girma. Zan yi mata rajista da sunana." Na tambaye shi me ya canza a jikinta. Ya ce bai canza komai ba, ai shi ya gano ta. To, bakteriyar Bacillus da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa ta riga kakarsa zuwa duniya. Shari'ar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce ta Ananda Chakrabarty, ma'aikacin kamfanin General Electric, wanda Kotun Ƙolin Amurka ta ba gaskiya a 1980 da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu. Dalilin kotu shi ne bakteriyarsa ta Pseudomonas mai cin ɗanyen mai babu irinta a daji, hannun mutum ne ya harhaɗa ta. A 2013 kuma kotun ta hana kamfanin Myriad mallakar ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2, masu alaƙa da sankarar mama, kamar yadda suke a jikin ɗan Adam, don cirowa kawai aka yi. Turai ta fi sassauci, tana iya karɓar abin da aka ware daga muhallinsa idan an nuna takamaiman aikin da zai yi. Ko ina za ka kai, takardarka ta fi tsayawa da ƙafafunta idan ta ce: ga ƙwayar gadon da na saka, ga wadda na cire, ga yadda nake renonta, ga abin da take yi yanzu wanda da ba ta yi. Allurar insulin da masu ciwon suga ke yi tun 1982 haka aka same ta, daga bakteriyar E. coli da aka dasa wa umarnin yin insulin ɗin mutum. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda Gana ta riga kowace ƙasa amincewa da shi a Afrilun 2023, yis ne da aka gyara yake samar da sinadarinsa.

Yaron ya koma ya yi aiki na kusan shekara, ya yi gyara na gaske a jikin bakteriyar. Sai ya tafka babban kuskure. Aka yi taron masana a Accra, ya liƙa allon bayaninsa da komai da komai a kai, har da jerin haruffan DNA, ya tsaya a gefe aka ɗauke shi hoto, da dare ya sa a Facebook 'yan uwa suna ta ma sha Allah. Bayan wata biyu ya je wurin lauya. Ihu bayan hari.

Sharaɗin "sabo" ba ya duba wanda ya fallasa. Ko da bakinka ka faɗa a bainar jama'a, abin ya zama sananne daga ranar. Allon taro fallasa ne, taƙaitaccen bayani a littafin taro fallasa ne, kundin digiri da aka ajiye a laburare ko aka ɗora a intanet fallasa ne, hira a gidan rediyon zango ma haka. Amurka tana yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara guda bayan ya bayyana aikinsa. Ofishin Turai ba ya ba da irin wannan uzuri, kuma kamfanonin da za su iya zuba kuɗi a aikinka suna son kasuwar Turai. Saboda haka ka shigar da takarda tukuna, ko da ta farko ce da za a faɗaɗa daga baya, kafin ka hau mumbari. In dole ne ka nuna wa wani kamfani, a sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri. Ka kuma san cewa aikin da aka yi da kayan jami'a ko kuɗin masu ba da tallafi, galibi ba kai kaɗai ke da shi ba. Chakrabarty sunansa ne a matsayin mai ƙirƙira, amma kamfaninsa ne mai takardar. Ko a jami'ar KNUST ta Kumasi kake, ko cibiyar bincike ta KCCR, ko cibiyoyin Noguchi da WACCBIP na Jami'ar Gana a Legon, ka nemi tsarin mallakar fasaha na wurin ka karanta tun ranar da ka karɓi farar riga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu cewa "fatent na duniya". Babu wannan. Kowace takarda iyakarta ƙasar da ta bayar. A Gana doka mai lamba 657 ta 2003 ke aiki, za ka iya shigarwa a gida ko ta ƙungiyar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, ARIPO, da ke Harare. Maƙwabtanmu Togo, Burkina Faso da Kodebuwa, har da Nijar, suna ƙarƙashin takwararta OAPI ne a Yawunde, Najeriya kuwa ofishinta daban. Daga ranar shigarwar farko kana da wata 12 ka kai wasu ƙasashe, in ka bi tsarin PCT, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta shigar da buƙata ɗaya domin ƙasashe da yawa, lokacin ya kai wata 30 a mafi yawan wurare. PCT jinkiri ne kawai yake saya maka, ba ya ba da takarda. Shekara 20 ake ƙirgawa daga ranar shigarwa, kuma in ka daina biyan kuɗin sabuntawa takardar ta mutu. Wani abu da ɗalibai ke tsallakewa: dokarmu ba ta ba da mallaka kan hanyar yi wa ɗan Adam magani ko tiyata, alhali Amurka tana bayarwa. Kwafo salon takardar Amurka kai tsaye zai sa a dawo maka da ita. Ka nemi mallakar abin da kansa, wato ƙwayar da aka gyara, haɗin, ko hanyar sarrafawa.

Sai haɗama wajen rubuta iyakar abin da kake nema. Kamfanin Juno ya taɓa cin kamfanin Kite a kotu kan fasahar ƙugiyar ƙwayoyin T, diyyar ta haura dala biliyan 1. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, don takardar ta yi iƙirarin kusan kowace irin ƙugiya, amma misali biyu kacal ta kawo. Wanda ya noma kunya biyu ya kewaye daji duka da shinge. Ka nemi abin da gwajinka ya nuna, ka ƙara misalai kafin ka faɗaɗa.

Kuskuren da ko manya ke faɗawa shi ne zaton takarda ta ba ka izinin yin abin. Ikon hana wasu kaɗai ta ba ka. A maganin ƙwayoyin halitta, rabin wahalar ita ce ɗan aike: me zai ɗauki gyaran ya kai shi cikin ƙwayar da ake so, ya bar sauran? Wani lokaci bairos ne da aka cire wa dafi, wani lokaci ɗan ƙunshin kitse irin wanda ya ɗauki saƙon rigakafin korona na Pfizer da Moderna, wani lokaci bakteriya mai rai kamar E. coli Nissle, wadda wani likitan Jamus ya ware daga cikin wani soja a 1917. Kusan kowane ɗan aike yana da mai shi. Kamfanin Vertex mai sayar da Casgevy, da duk girmansa, a watan da Amurka ta amince da Casgevy sai da ya sayi lasisin almakashin CRISPR daga kamfanin Editas, domin mallakar fasahar ta daɗe ana shari'a a kanta tsakanin cibiyar bincike ta Broad a Amurka da ɓangaren Jami'ar Kaliforniya. Kafin ka ƙulla aikinka a kan wani ɗan aike, bincika wa ke da shi, a wace ƙasa, kuma yaushe takardarsa za ta ƙare. In ba a shigar da ita a Gana ba, ba ta ɗaure ka a nan, amma za ta tare ka ranar da ka so fitar da kaya. Ban da wannan, aiki da halittar da aka gyara yana buƙatar izinin hukumar da doka mai lamba 831 ta 2011 ta kafa, kuma aika bakteriyar daddawa ko ta koko zuwa ƙasar waje ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba sakaci ne, tunda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi a raba amfanin da ƙasar da aka ɗauko abin.

Ƙarewar takarda kuwa alheri ce ga mai saye. Maganin haidroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi domin sikila a 1998, tsoho ne, kamfanoni da yawa ke yin sa, shi ya sa ake iya samunsa a asibitocinmu. Shi na ce wa Hajiya ta tambayi likitan jikanta a kai, kwalin kuma ta mayar wa mai shi.

Abu na ƙarshe da na matsa wa ɗan ƙanwata a kai shi ne ajiya. Halitta mai rai ba ta bayyanuwa duka a rubuce, don haka ofisoshi da yawa ke neman a ajiye samfurinta a wata ma'ajiya da aka yarda da ita ƙarƙashin yarjejeniyar Budapest ta 1977, irin su ATCC a Amurka ko DSMZ a Jamus, inda za a riƙe ta aƙalla shekara 30. Ana yin ajiyar ne kafin ko a ranar shigar da takarda, a rubuta lambarta a ciki. Shi kuwa kwalba ɗaya tak gare shi, a firiza guda, a garin da aka san dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Na ce ya raba ta gida uku tun kafin ya fara tunanin Jamus. Ya kira ni ranar Laraba ya ce, "Kawu, biyu suna wurinmu, ta ukun na kai ɗakin gwajin da ke da janareto." Yanzu yana kan gyara na biyu, kuma wayarsa a aljihu take zama in ya shiga ɗakin.