Yadda za ki zaɓa wa yaronki makaranta idan gwajinsa ya fito wani sama wani ƙasa

Autana yana da shekara 4 da wata 7 aka yi masa gwajin duba abin da ya iya daidai da shekarunsa. Takardar ta ce a haɗa hotuna da gane siffofi ya kamo ɗan shekara 6, a magana yana tare da 'yan shekara 3, riƙon fensir ma da sauransa. Na dawo unguwarmu Aboabo da ke Kumasi a pragya, wato keke mai ƙafa uku, da takardar a jaka, kaina ya kulle. Kakarsa ta ce babansa ma sai da ya makara kafin bakinsa ya buɗe. Wata maƙwabciya ta ce a nema masa makarantar masu lalura. Ga yadda na bi, ko zai amfani wata uwa.

Kada ki tara makin ki raba ki ce yaron matsakaici ne. Ki koma wurin wanda ya yi gwajin, ya bi miki layi-layi, ki tambaye shi abin da kowane layi zai hana yaron yi a aji. Sannan ki tambayi yaren da aka yi gwajin da shi. Wannan tambayar ta fi kowacce nauyi gare mu 'yan zango. Yaranmu Hausa suke ji a gida, Twi a waje, Larabci a makarantar allo. Nawa da Turanci aka tambaye shi sunan cokali ya yi shiru, alhali kullum shi ke miƙo mini cokali in na aike shi. Jinkirin maganarsa gaskiya ne, don ko da Hausa jimlarsa ba ta wuce kalma uku, amma bai kai yadda takardar ta nuna ba.

A duba kunnensa kafin komai. Asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi na da sashen gwajin ji, ki tafi da littafin awonsa.

Sai maganar yaren aji. Harsunan da gwamnatin Gana ta amince a koyar da su, Hausa ba ta ciki, don haka a Kumasi ƙananan azuzuwa Twi ne da Turanci. Ni na nemi inda malama ko mataimakiyarta ke jin Hausa, don in fitsari ya matse shi ko wani ya buge shi, ya samu mai fahimtarsa. Makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta GES, a nan aka fi dacewa da irin wannan. Tun 2015 akwai manufar gwamnati ta cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da sauran yara, kuma a ofishin ilimi na gunduma akwai jami'in da aikinsa ke nan. Ki je ki same shi da takardarki.

Kada hedimasta ya tsayar da ke a ofis. Ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan aji, da safe wajen ƙarfe 9. Ki ƙirga yaran da kanki. Ki lura in malama ta yi tambaya, tana jiran mai jinkirin baki ko tana tsallake shi. Ki duba ko akwai bulala a kan tebur. Akwai wata makarantar kuɗi da na shiga, gini mai kyau, fanka ko'ina, amma 'yan shekara 4 sun fi rabin awa suna kwafar rubutu daga allo. Na san hannun ɗana ba zai iya ba, kuma kafin sati biyu za a sa masa sunan malalaci. Na yi godiya na fito. Wadda na zaɓa rufin kwano ne, amma na tarar da yara a kan tabarma suna ƙirga murafan kwalba, malamar kuma ta durƙusa ta gaishe shi, ta jira har ya amsa.

Saboda kaifinsa a hotuna, an ce a tura shi KG2, wato aji biyu na share fagen firamare. Na ƙi, na bar shi a KG1 da sa'o'insa, na roƙi malama ta riƙa ba shi haɗin hoto mai wuya in ya riga kowa gamawa. Na rubuta mata rabin shafi: abin da ya iya, abin da ke ba shi wuya, da kalmomin da yake faɗa ta hanyarsa. Mun yi da ita cewa ƙarshen zangon karatu za mu zauna da wannan takardar, mu ga layin da ya motsa, kafin in biya wa masu gwaji a sake dubawa.