Darasi na 7: Ƙunzugun da Ake Wankewa a Sake Sawa

Yawancin 'yan mata suna fara ganin jinin al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15. Jinin yakan yi kwana 2 zuwa 7. Daga farkon wata al'ada zuwa farkon ta gaba, kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne. Wannan ba ciwo ba ne.

A gidajenmu uwa takan ji nauyin 'yarta, balle ta fari. Sai yarinya ta ga jini ta tsorata, ta ɓoye, ta tsinci tsumma ta tare. In uwa ba za ta iya buɗe baki ba, a sa goggo ko inna ko yaya ta zaunar da yarinyar tun ranar ba ta zo ba.

Tun 2020 Nijeriya ta cire harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, daga audugar mata da ake yi a cikin ƙasa. Duk da haka, a ƙauye kuɗin fakiti ɗaya yakan taɓa kuɗin cefane. Yarinyar da ba ta da abin sawa sai ta ƙi zuwa makaranta, don kada jini ya ɓata mata kaya a gaban maza. To, ana iya ɗinka ƙunzugu a gida.

Ki nemi yadin auduga mai laushi, da tawul mai tsabta, da leda irin wadda ake shimfiɗa wa jariri, da allura da zare da maɓalli. Ki yanka yadin gida biyu, tsawon santimita 25, ki bar kunne a kowane gefe. Ki sa falle biyu na tawul a tsakiya, ledar a ƙarƙashinsu. Ki ɗinke baki, ki sa maɓalli a kunnuwan don su riƙe kamfai.

Wanki ne wurin da ake yawan kuskure. A fara jiƙa shi a ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana sa jini ya kama yadi. Sannan a wanke da sabulu, a shanya a rana. Mata da yawa suna tura shi ƙarƙashin gado saboda kunya, ya kwana da danshi, daga nan sai wari da ƙaiƙayi. In kunya ce, a rufa masa siririn gyale a kan igiya, rana za ta ratsa. A canza shi bayan awa 4 zuwa 6, a wanke hannu.

A kai yarinya asibiti in jinin ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa ƙunzugu duk awa, ko tana jiri. Zogale da wake da hanta suna taimaka wa jini.

Wadda hannunta ya faɗa, sana'a ta samu. Mata za su iya yin adashi su sayi keken ɗinki ɗaya, su riƙa sayarwa a Islamiyya da gidan biki da ranar kasuwa.

Aiki:
1. Yarinya tana fashin kwana 3 kowane wata. Kwana nawa ta rasa a wata 9?
2. A ce kin kashe naira 400 a kan ƙunzugu ɗaya, kin sayar naira 600. Nawa ce ribar guda 10?
3. Ki rubuta a littafinki: "Zan shanya shi a rana."