Kafin ku cire enkoda daga motar lantarki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin lantarki. Ƙura da girgiza suna yawan kashe enkoda, wato na'urar da ke auna gudun juyin mota (injin lantarki mai juyawa, ba motar hawa ba), shi ya sa wasu ke mayar da inbata, wato na'urar da ke sarrafa gudun motar, ta riƙa ƙiyasta gudun mota da kanta daga karant da bolta. Ga fanka, famfon ruwa da bel mai jan kaya, wannan ya wadatar. Amma injin ɗaga kaya sama, ko wanda zai riƙe nauyi yana tsaye cak, ku bar masa enkodarsa. Idan gudu ya kusa sifili ƙiyasin inbata yana rauni, kaya na iya sulluɓowa.

Ku fara kwafe tsofaffin saitunan inbata ku ajiye. Sannan ku shigar da abin da ke rubuce a farantin jikin motar daidai: bolta, karant, kilowat, 50 Hz da juyi a minti. Nan ne mutane ke ganganci, su ɗauki lambar haɗin sta alhali motar a delta take (sta da delta hanyoyi biyu ne na haɗa wayoyin mota, kowace da nata bolta da karant).

A inbata ta Siemens G120, saitin p1300 ake mayarwa daga 21 (aiki da enkoda) zuwa 20 (aiki ba enkoda), sai p1900 don inbata ta auna motar. Ku yi awon motar tana sanyi, da ainihin wayar da za ta yi aiki da ita, domin tsawon waya yana shiga lissafi. In da hali a raba ta da kaya tukuna.

Idan gudu ya riƙa hawa da sauka bayan haka, ku rage p1470, wato saitin ƙarfin da inbata ke gyara gudu da shi, kaɗan-kaɗan har ya zauna.