Kurakuran da aka fi yi wajen karanta alƙaluman laifuka da cin hanci na ƙasashe

Duk shekara da zarar Transparency International, ƙungiyar duniya mai yaƙi da cin hanci, ta fitar da jadawalinta na cin hanci a ƙasashe, sai ka ji ana ta cewa Najeriya ta hau ko ta faɗo. Babban kuskuren shi ne ɗaukar jadawalin a matsayin ƙidayar cin hancin da aka karɓa. Tun da aka fara shi a 1995, ra'ayin masana da manyan 'yan kasuwa yake tattarawa. Ba wanda ya je tasha ya tambayi direban da ake tarewa a shingen hanya.

Kuma maki za ka duba, ba matsayi ba. Najeriya ta tashi daga ta 145 a 2023 zuwa ta 140 a 2024, amma makinta daga 25 ne ya koma 26 cikin 100, inda yawan maki ke nufin ƙarancin cin hanci. Wani lokaci ba kai ka yi gaba ba, wasu ne suka zame. Kada kuma ka haɗa makin bana da na kafin 2012, domin a shekarar aka sauya tsarin lissafin.

Mai neman abin da ya sami jama'a da kansu, sai ya nemi binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda ake bi gida-gida. Nan ma akwai tarko. Kashi 27 cikin 100 da aka samu sun ba da cin hanci a 2023 ba na dukkan 'yan ƙasa ba ne, na waɗanda wata hulɗa ta haɗa su da ma'aikacin gwamnati ne. In ka yar da wannan sharaɗin, ka ɓata lissafin.

A ɓangaren laifuka, kwatanta ƙasashe da rajistar 'yan sanda aikin banza ne. Wanda aka fizge wa waya a kasuwa, sau nawa yake zuwa caji ofis? Inda mutane suka yarda da 'yan sanda, rahoto kan yi yawa, sai ƙasar ta fito kamar matattarar ɓarayi. Shi ya sa a 1989 aka fara ICVS, binciken ƙasa da ƙasa kan waɗanda aka yi wa laifi, mai tambayar mutane kai tsaye ko an yi musu sata ko fashi. Sai dai a ƙasashe masu arziki ta tarho aka yi ta tambayar ƙasa baki ɗaya, a masu tasowa kuwa galibi babban birni kawai aka zaga. Kafin ka jera ƙasa biyu, duba ko birni ake nufi ko ƙasa, da shekarar da aka yi tambayar.